Yadda Za Ka Ɗora Shafinka a Kwamfutar Gida Duniya Ta Gani

Tsohuwar kwamfuta ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ta wadatar. Sa mata babbar manhajar Ubuntu Server, ka girka Nginx, manhajar da ke miƙa shafi ga masu ziyara, da umarnin sudo apt install nginx, ka zuba fayilolin shafin a /var/www/html. A rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ka ba kwamfutar tsayayyen adireshi, misali 192.168.1.10, sannan ka karkatar da ƙofa (port) ta 80 da ta 443, waɗanda masu ziyarar shafi ke shigowa ta cikinsu, zuwa gare ta.

Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Duba adireshin WAN a rauta, wato adireshin da kamfanin layinka ya ba ta. In farkonsa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin layinka ya haɗa ku da yawa a adireshi ɗaya, wato CGNAT, kuma ko ka buɗe ƙofa babu mai shigowa daga waje. Layukan SIM galibi haka suke. Mafita ita ce Cloudflare Tunnel: miƙa DNS ɗin sunan shafinka, wato tsarin da ke haɗa sunan da adireshi, ga kamfanin Cloudflare, ka girka manhajarsu cloudflared, shi zai shimfiɗa hanyar daga ciki.

In adireshin naka ne kai kaɗai, manhajar Certbot za ta ɗauko maka takardar HTTPS, mai tsare sadarwar shafin, kyauta daga hukumar Let's Encrypt, ta riƙa sabunta ta da kanta.

Ka haɗa na'urar da rauta a kan UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, domin ɗaukewar wuta kwatsam na iya lalata katin SD, ma'ajiyar Raspberry Pi.