Yadda na shigar da yarana Disney World da waya ɗaya, ba tare da abin hannu ba

Tun 2021 Disney World, wurin shaƙatawa da wasanni da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, ta daina bai wa masu kwana a otal-otal ɗinta MagicBand kyauta, wato abin roban da ake ɗaurawa a hannu a shiga da shi. Yanzu sai ka saya. Mu kuwa da yara ƙanana marasa waya, kuɗin ya yi mini yawa.

A manhajar My Disney Experience na buɗe MagicMobile, sashen da ke sa katin shiga a cikin waya, na zaɓi sunan kowa daga cikin iyalina, na tura katunan duka cikin Apple Wallet, ma'ajiyar katuna ta iPhone. Nawa na sa a agogon Apple Watch ma.

A ƙofar shiga ne ake buƙatar natsuwa. Katin mutum ɗaya kawai ke aiki da zarar ka kara waya, na sauran sai ka zaɓo shi da hannu. Sai na jera yaran, na fito da katin na gaba, na kara saman wayar a jikin na'urar, ya ɗora yatsa, fitila ta zama koriya, ya wuce. Agogo kuwa fuskarsa ake karawa, ba madaurin ba.

Zafin Florida da ɗaukar hoto suna cinye caji da wuri, don haka fawabank na cikin jakar uwargida tun safe.