Yadda za ka gane abincin Asiya na gaske in ka fita cin abinci a Kaduna

Jama'a in ka shiga gidan abinci, ko Barnawa ne ko Malali ko Unguwar Rimi, aka miƙo maka menu ka ga Chana da Japan da Tailan da Indiya duk a takarda ɗaya, to ka sani kuku ɗaya ba zai iya duka ba wallahi. Kafin ka yi oda kira weta ka ce masa "ɗan'uwa, mai girkin nan wajen wa ya koya?" In wajen Ba'indiye ne to tsaya kan biryani, wato dafa-dukan shinkafarsu, ka bar sauran su huta.

Fara gwaji da firai rais don ita ce ke tona asiri. Ta Chana ba a sa mata kori, shinkafar da ta kwana ta huce ake soyawa a kasko mai zurfi da wuta sosai, ga ƙwai ga soya sos ga ganyen albasa, ta fito warwar da ɗan ƙamshin ƙauri. In ko aka dire maka ruwan ɗorawa shar da karas da hanta, to wannan tamu ce ta gidan biki aka ninka mata kuɗi kawai.

Pad thai na Tailan taliyar shinkafa ce mai faɗi, tsaminta daga tsamiya yake, a gefe ga dakakkiyar gyaɗa da yankan lemon tsami, in ka ganta ja jawur tana zaƙin tumatirin kwalba to an yi maka dabara. Wasu ma Indomie suke suɓulawa a ciki, ita ma dai asalinta 'yar Indonesiya ce amma ba don ita ka baro gida ba. Kuma don Allah ka ɗanɗana tukuna kafin ka ce a kawo yaji, mu 'yan Arewa akwai mu da wannan halin.

Sushi kuwa, wato curin shinkafa na Japan da galibi ake haɗawa da kifi, ni dai ina ɗari-ɗari da mai ɗanyen kifi. Kaduna ba teku, kifin daga nesa yake zuwa a firiza kuma kun san halin wutarmu. In ka ji ƙarni ya bugo ka to mayar, sabo ba ya wari. Shinkafarsa gajera ce mai danƙo da ɗan tsamin binega, ba doguwa mai watsewa ba.

Yanzu ga inda ya fi damuna, don sau da yawa girkin da ya fi bin asali shi ya fi buƙatar tambaya. Romon ramen (taliyar Japan mai romo) da ake kira tonkotsu da ƙashin alade ake dafa shi, char siu na 'yan Chana ma gasasshen naman alade ne, cikin su damplin (ƙullin fulawa mai nama a ciki) galibi shi ake cusawa, sannan 'yan Chana na zuba giyar Shaoxing a girki, 'yan Japan kuma mirin wanda shi ma akwai barasa. Kar ka tsaya kan "halal ne?" don weta zai ce maka eh kawai ya wuce, ce masa ya shiga kicin ya tambayo da wane kitse ake suya, kuma ko kasko ɗaya ake yi wa kowa. In ya fara kame-kame, duba ko akwai na Indonesiya ko Malesiya inda Musulmi suka fi yawa, irin su nasi goreng (soyayyar shinkafarsu) da rendang na naman sa da madarar kwakwa, ko sate wanda kusan tsirenmu ne da miyar gyaɗa a gefe, su ma dai ka tambaya.

Kafin a kawo bil tambayi ko farashin menu ya haɗa da VAT na 7.5% da kuɗin sabis, don kar ka zo wajen POS kana zare ido.