Yadda za ka amsa tambayar auren jinsi a jarabawar tsarin mulki

Ƴan uwa ɗaliban lauya na Kongo a ABU Zariya, in an kawo muku tambaya kan kariyar da tsarin mulki ke ba masu auren jinsi ɗaya, don Allah kar ku cika takarda da ra'ayi, malami hujjar kotu yake nema.

Fara da Amurka. A 1986 kotun ƙoli ta ce jiha na da ikon hukunta saduwa tsakanin masu jinsi ɗaya, shari'ar Bowers kenan, sai 2003 a Lawrence da Texas ta dawo ta rushe wancan hukuncin, ta ce abin da manya biyu suka yi cikin ɗakinsu da yardarsu ba ruwan hukuma, hujjarta gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka. To nan fa ake zamewa, Lawrence bai ba kowa izinin aure ba, hukunci kawai ya cire. Aure sai 2015 a Obergefell, alƙalai 5 suka rinjayi 4, alƙali Kennedy ya rubuta hukuncin, ya jingina da shari'ar Loving ta 1967 wadda ta halatta aure tsakanin baƙi da farare. Ka karanta abin da babban alƙalin kotun, Roberts, ya rubuta na rashin yarda, shi cewa yayi a bar wa jama'a da majalisu su yanke.

Sannan ka dawo gida Najeriya. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, amma sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi saboda tarbiyyar jama'a, ga kuma dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ɗaurin shekara 14. Ka jera na Amurka da na gida gefe da gefe ka nuna inda suka rabu.