Yadda za ka gane abin da Dekart ya yi wa lissafi, da fensir da takarda kawai

Duk wanda ya taɓa zana giraf, wato zanen lissafi mai layin x da y, a aji to ya taɓa aikin Rene Dekart ko bai sani ba. Bafaranshe ne, an haife shi a 1596, a rubuce sunan Descartes ne. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane magana ɗaya tak suka sani tasa, wato ina tunani don haka akwai ni, su haddace shikenan, alhali gagarumin aikin nasa yana cikin lissafi kuma wallahi ba sai kana da digiri ba, rabin awa ya ishe ka ka gani da idonka.

Kafin shi jometiri da aljabra kusan kowa hanyarsa daban. Jometiri, wato lissafin siffofi, irin na Yuklid masanin tsohuwar Girka, rula ne da kamfas, kowace matsala sai ka nemo mata dabararta, in dabarar ba ta zo maka ba sai dai ka yi ta kallon zane. Aljabra kuma, wadda sunanta ya fito daga littafin Al-Khawarizmi na Bagadaza, harkar lambobin da ba a sani ba ce. A 1637 a garin Leiden na ƙasar Holan Dekart ya fitar da littafinsa kan hanyar tunani, da Faransanci ma ya rubuta ba Latin ba, ya liƙa masa maƙaloli 3 a baya, ta ƙarshen ita ce ta jometiri, a nan ya ɗaura wa fannonin biyu aure.

To ɗauko takarda mai gida-gida da rula da kamfas. Ja layi ɗaya a kwance ka kira shi x, ja wani a tsaye ya ratsa shi ka kira shi y, mahaɗarsu sifili. Yanzu kowane ɗigo a takardar yana da adireshi na lamba biyu, (3, 4) na nufin gida 3 dama, gida 4 sama. Rubuta y = x + 1. Ba x sifili, y ya zama 1, ba shi 1 ya zama 2, ba shi 3 ya zama 4, ɗiga su ka ɗora rula, za ka ga duk sun hau layi ɗaya miƙaƙƙe.

Kar ka yi sauri a nan dan Allah. Buɗe kamfas faɗin gida 5, kafa tsinin a sifili ka zagaya. Duba ɗigon (3, 4), yana kan da'irar daidai. 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, jimla 25. Gwada (4, 3), gwada (5, 0), gwada (0, 5), kullum 25 ne. Kenan da'irar nan gaba ɗayanta, da ɗigoginta marasa iyaka, an tattara ta a x² + y² = 25, wato x sau x da y sau y in ka haɗa 25 ne. Ni har yau abin na ba ni mamaki, siffar da ido ke gani ta koma jimla ɗaya da za ka iya jujjuyawa.

Sai ka tambaya ina layin ya yanki da'irar, amma kifa zanen tukuna. A cikin x² + y² = 25 duk inda y yake sa x + 1, ka warware, za ka samu x² + x − 12 = 0, wato x ko 3 ne ko −4. Ɗigogin su ne (3, 4) da (−4, −3). Juyo zanen ka duba, suna nan daram. Ka amsa tambayar siffa ba tare da ka kalli siffar ba, kuma gobe in an canja layin hanyar dai ita ce.

Gaskiya ba shi kaɗai ba ne, wani masanin lissafi Bafaranshe, Piyer Ferma, shi ma ya gano irin wannan a lokacin, kuma layuka biyu masu gicciye yadda muke zanawa yau na bayansa ne suka daidaita su. Amma x, y, z na abin da ba a sani ba da a, b, c na wanda aka sani salon Dekart ne, haka ƙaramar lambar da ake ɗorawa a sama kamar x³ shi ya yaɗa ta. Wani malamin lissafi ɗan Holan, Frans van Schooten, ya fassara maƙalar jometirin zuwa Latin a 1649, bugun da ya biyo baya kuma Niyuton, masanin kimiyyar nan na Ingila, ya karanta yana saurayi kafin ya kai ga kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa.

In ka lura abin da ka yi yanzu ƙa'idodi 4 na littafin Dekart kan hanyar tunani ka bi: kar ka karɓi abu sai ya bayyana maka sarai, farfasa matsala ƙanana, fara da mai sauƙi ka hau, sannan ka sake bi ka tabbata ba ka tsallake komai ba. Haka ya yi wa bakan gizo, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama ɗaya, ya bi hasken da lissafi har ya fitar da kusurwa wajen digiri 42. Ya yi kuskure ma fa, bayaninsa cewa duniyoyi na yawo ne cikin wata irin guguwa bai tsaya ba bayan aikin Niyuton. Dekart ya rasu a Stockholm a 1650, inda ya je koyar da Sarauniya Kiristina ta ƙasar Suwidin.

Kafin ka ajiye fensir gwada y = x + 10 da da'irar nan. A zane layin ko kusa bai taɓa ta ba, a lissafi kuma za ka samu 2x² + 20x + 75 = 0, in ka bi za ka ci karo da tushen lamba mai ƙasa da sifili, wato neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ƙasa da sifili. Irin waɗannan amsoshin Dekart ya kira su na zato, sunan da ake kiransu da shi har yau.