Kurakuran da ke hana ƙwallon golf tafiya inda aka nufa

Duk wanda ya fara golf so yake ya ga ƙwallo ta lula sama, kuma daga nan kuskuren farko yake tasowa. Sai ka ga mutum ya tara nauyinsa a ƙafar baya, yana ƙoƙarin kwaso ƙwallon kamar mai ɗebo miya da ludayi. Ko dai sanda ta daki ƙasa tun kafin ta isa ƙwallon, ko kuma ta shafi samanta, ƙwallo ta yi ta gangarawa a ƙasa. A filayen Arewa lokacin rani abin ya fi muni, domin ƙasa ta bushe ƙamas, sanda na taɓa ta sai ta yi tsalle.

Ɗaga ƙwallo aikin sanda ne. Fuskar ayon mai lamba 7, ɗaya daga cikin sandunan nan masu kan ƙarfe, a karkace take da digiri 30 da ɗoriya, ita za ta tashi ƙwallon. Naka shi ne ka fara dukan ƙwallo, sannan ƙasa. Ja layi a ƙasa, ka yi ta bugu ba ƙwallo, nauyinka ya koma ƙafar gaba kafin sanda ta sauko. Inda sanda ta kankare ƙasa ya fara daga kan layin ya yi gaba. In kankarar na bayan layi, da sauran aiki. Minti 10 kullum ya fi ka zazzage kwandon ƙwallaye kana maimaita kuskure ɗaya.

Sai silais, wato ƙwallo ta tashi sannan ta lanƙwashe dama ga mai bugu da dama. Yawancin mutane maganin da suke yi shi ne su ƙara fuskantar hagu, alhali hakan ƙara lanƙwasar yake yi. Fuskar sanda ce a buɗe, wato tana kallon dama, lokacin bugu, kuma galibi daga riƙo ne. Dubi hannunka na hagu: ya kamata ka hango gaɓoɓin yatsu 2 ko 3. In ɗaya kake gani, murɗa hannun kaɗan zuwa dama. Kada kuma ka damƙe sanda kamar za a ƙwace maka, wuyan hannu sandarewa yake yi.

Akwai shawarar da kowa ke bayarwa kyauta a fili: “Kada ka ɗaga kai.” Ni dai ban yarda da ita ba. Wanda ya kafe kansa ƙugunsa ba ya juyawa. Shahararriyar 'yar wasan golf Annika Sorenstam, lokacin da take gasa, kanta na juyawa da wuri, tun wajen lokacin da sanda ke haɗuwa da ƙwallo, kuma da hakan ta ci manyan kofuna 10.

In kana son sanin inda kake duka, barbaɗa hoda a fuskar direba, babbar sandar nan ta bugun farko, ka buga sau 5. Tabon ƙwallon zai fito ɓaro-ɓaro. In duk ya taru kusa da wuyan sanda, ja baya kaɗan daga ƙwallon ka sake gwadawa.