Yadda Za Ka Rage Kayan Fatsa Idan Za Ka Riƙa Sauya Wuri

Mai fatsa da zai wuni a wuri guda yana iya jibge kaya son ransa. Amma wanda zai bi gaɓar ruwa, ya jefa nan, ya matsa can, nauyi ne ke cutarsa. Gajiyar ma da sauƙi. Matsalar ita ce mai kaya da yawa yakan yi ƙyuyar tashi daga inda kifi ba ya ci, don yana hango wahalar tattarawa.

Da farko, tun kana gida ka tsayar da irin kifin da za ka nema. Wannan kaɗai zai zubar maka da rabin kaya. Sanda ɗaya ta isa. Ta biyu sai dai ta riƙa maƙalewa a rassan bishiya kana tafe.

Sai ƙugiya. Ɗauki girma uku kawai: ƙarama, matsakaiciya, babba, kowacce guda biyar ko shida. A lambobin da ake rubutawa jikin fakiti, yadda lamba ke hawa haka ƙugiya ke ƙanƙancewa, wato lamba 12 ba ta kai lamba 4 ba. Daga 1/0 kuwa abin ya juya, 3/0 ta fi 1/0 girma. Ɗaura biyu ko uku a guntun zare tun a gida, ka naɗe su a jikin ɗan kwali. Idan zare ya tsinke a cikin duwatsu, sai dai ka sauya kawai, ba ka tsuguna kana laluben ramin ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu ba.

Dalma, wadda ake maƙala wa zare don ƙugiya ta nitse, ita ce ke ƙara wa jaka nauyi ba ka ankara ba, domin ta ninka ruwa nauyi fiye da sau 11. 'Yan ƙanana kaɗan, da manya biyu ko uku saboda inda ruwa ke gudu da ƙarfi, sun wadatar. Ka cusa ɗan ƙyalle a cikin robar da ka zuba su don kada su yi ta ƙwaram-ƙwaram. Kifi yana jin girgiza ta wani layi da ke gefen jikinsa, kuma ƙara ta fi saurin tafiya a ruwa sama da sau huɗu a kan iska.

Filaya ta cire ƙugiya da ɗan almakashi kuwa, rataya su a wuya ko a ɗamara. Su ne hannu ya fi nema. Koto kuma a ƙaramin gwangwani mai murfi, gwargwadon na 'yan sa'o'i.

Ruwan sha ba a rage shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, amma gara ka ajiye dalma ka ɗauke shi.

Bayan ka haɗa, gwada. Saɓa jakar a kafaɗa, riƙe sanda a hannu ɗaya. Dole ɗaya hannun ya zama babu komai, don da shi za ka dafa idan gangare ya yi santsi. Idan bai samu ba, koma ka rage. Sauran kayan ka bar su a mota ko a masauki.

Da ka dawo, zazzage jakar ka shanya ƙugiyoyin kada su yi tsatsa, ka shafa ƙarshen zaren da yatsa, ka yanke duk inda ya yi kaushi. Abin da ka fita da shi sau da dama ba ka taɓa ba, cire shi daga jakar.