Yadda za ka zama lauyan da ke kare asibitoci a kotu

Mutane da yawa in suka ji an ce lauyan asibiti sai su ɗauka aikinsa rufa wa likitoci asiri ne ko da sun yi ɓarna, toh wallahi ba haka ba ne, in da wannan tunanin za ka shigo gara ka nemi wani fannin tun yanzu. Aikin shi ne ka tsaya wa asibiti ko kilinik ko kamfanin inshorar da ke bayansu idan an kai su ƙara, galibi kan zargin sakaci wajen kula da mara lafiya.

Karatun dai na lauya ne kamar kowa, digiri, sai horo, sai lasisi, kowace ƙasa da tsarinta, a Amurka misali shekara 3 ake yi a makarantar shari'a bayan digirin farko sannan a zauna jarrabawar jiha. Ba sai ka karanta likitanci ba. Abin da za ka nema da ka fito shi ne ofishin lauyoyin da ke irin waɗannan shari'o'in, ko sashen shari'a na babban asibiti, ko kamfanin inshora, ka zauna ƙarƙashin wanda ya daɗe ka koya.

Mai ƙara sai ya tabbatar da abu huɗu, cewa asibitin na da nauyin kula da shi, cewa an gaza, cewa ya cutu, kuma gazawar ce ta jawo cutarwar. Na ƙarshen nan shi ne wurin dagar, don sau da yawa an yi kuskure ɗin amma ciwon ya riga ya ci jiki, ko an yi daidai ma sakamakon ba zai canza ba.

Ni a ganina duk wanda bai iya karanta fayil ɗin mara lafiya ba bai fara wannan aikin ba. Ka ɗauki fayil ka jera komai bisa lokaci, awa bayan awa, nas ta auna jini ƙarfe 2 na dare ta rubuta ya sauka, rubutu na gaba sai ƙarfe 5 da rabi na asuba, toh me ya faru a tsakani, an kira likita ko ba a kira ba, wa ke bakin aiki, wannan giɓin lauyan ɗaya ɓangaren zai gan shi don haka gara kai ka riga shi gani. Duk kalmar da ba ka gane ba ka tambayi likita ba tare da jin kunya ba. Kuma dan Allah ranar da ƙara ta shigo ka ja kunnen kowa kar a taɓa fayil ɗin, ko wasali kar a gyara, shari'ar da za a iya ci gyaran layi ɗaya na iya rusa ta.

Akwai hukunci biyu na Birtaniya da ya kamata ka haddace ko ba can kake aiki ba, don kotunan ƙasashe da dama na waiwayarsu. Shari'ar Bolam ta 1957 ta ce likita bai yi sakaci ba in dai abin da ya yi ya dace da yadda wani rukuni na ƙwararrun likitoci ke ganin daidai ne, shi ya sa samun ƙwararren da zai ba da shaida rabin aikinka ne. Sai ta Montgomery a 2015, wata mai ciwon suga ce ba a faɗa mata haɗarin kafaɗar jariri ta maƙale wajen haihuwa ba, yaron ya samu naƙasa, kotun ƙoli ta ce dole a faɗa wa mara lafiya haɗarin da zai dame shi da sauran zaɓin da yake da su. Kaga sa hannu a takarda kaɗai bai isa ba, sai an nuna an zauna an yi masa bayani.

Sannan ka koyi zama da likitan da ake zargi, za ka ga mutumin da ya shafe shekara 20 yana tiyata hannunsa na rawa don zai tsaya gaban alƙali, ka koya masa ya saurari tambaya har ƙarshe, ya amsa iya abin da aka tambaya, abin da bai tuna ba ya ce bai tuna ba.

Yawancin irin ƙararrakin nan ba sa kaiwa ga hukunci, sulhu ake yi ko a janye. Idan ka gama duba fayil ka ga lallai an yi sakaci, ka je ka sami shugabannin asibitin ka faɗa musu ƙiri-ƙiri a biya diyya a gyara inda aka samu matsalar, ko da ba abin da suke son ji ba ke nan, don iyalin da ke ɗaya ɓangaren teburin wani nasu suka rasa ko suke jinya har yau.